Zango na Biyu

Asabar, ƙarfe goma, bayan laburaren unguwa a Dayton,
inda ciyawa ke ƙarewa jar ƙasa ta fara,
Nazifi ya sauka bai jira na buɗe masa mota ba.
Takalmin hagu yake fara ɗaurewa, kullum,
ƙulli biyu, sannan ya taɓa ƙarfen shinge sau uku.
Ni kuma na rungumo kular zoɓo na bi sahunsa.

Likita ta ce galahanga, tun yana shekara uku.
Dangi a waya suka ce iska ne, a nemo hayaƙi.
Ni dai abin da na sani,
ɗana ya haddace lambar kowace bas ta garin nan,
amma sallama ta fi masa turmi nauyi,
ƙarar injin markaɗe kuwa takan kai shi ƙarƙashin tebur.

Besbol suke ce wa wasan.
Wata biyu na yi ban kama kansa ba:
a jefo, ka maka da gora, ka sheƙa,
zango na farko, na biyu, na uku,
duk wahalar don ka komo inda ka tashi.
Wurin ma gida suke kiransa.
Shi a yini guda ya gane,
don kowa da layinsa, kowa da lokacinsa,
kuma ba mai ce maka kalle ni in ina magana.
Ƙwallo ake kallo.

A nan ba a tafi.
Wanda ya yi bajinta, sai a ɗaga masa hannuwa a kaɗa yatsu,
shiru, kamar ganyen dalbejiya da la'asar.
Koci Pruitt, mai gyaran famfo ran aiki,
ba ya busa usur. Hularsa yake ɗagawa.

Ga Marisol, marufi shuɗi a kunnuwanta,
jifa sai ka ce da zare ta auna.
Ga Wendell, arba'in da huɗu, furfura a gemu,
mai jera gwangwani a kanti cikin dare,
yau shi ke tsaron zango na biyu.

Sau biyu gorar Nazifi ta sari iska.
Na cusa yatsuna cikin mayafi ina murzawa.
Na uku, ƙwas!
Ƙwallo ta haura kan Marisol ta gangara cikin ciyawa,
ɗana ya zura, kafaɗa a karkace kamar ta babansa,
ya take na farko, ya isa na biyu, ƙura ta bi shi.

Na bayansa ya buga, hanya ta buɗe har gida.
Koci na kaɗa hula, yatsu na rawa,
ni har na manta doka na ce, gudu mana!
Bai motsa ba.
Yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da Wendell,
dukansu suna kallon shinge,
baki na motsi.
Aka fitar da shi, ko a jikinsa.

Da na miƙa masa kofi na ce, me ya tsayar da kai?
Ya ce wa kofin:
Bas ta goma sha bakwai ta sauya hanya.
Wendell bai sani ba. Ita yake hawa.

Sai ya goge baki da bayan hannu,
ya ce, Umma, ki jira a mota,
za mu ci fiza, mu shida.

Shekara goma sha tara
hannuna na kama da gefen rigarsa,
a asibiti, a kanti, a bakin titi.
Yanzu ga shi kan sitiyari, ba abin riƙo.
Ta gilashi ina hango lamba takwas a bayansa,
ya tsaya a bakin kwalta, ya duba hagu, ya duba dama,
ya jira Wendell ya gama ɗaure takalmi.

Ƙanƙarar zoɓon ta narke.
Ban kunna mota ba.